Ƙudan mangwaro da taswirar da ta manta da fadama

 Sharhinmu na yau a kan wani ƙuda ne wanda ba ruwansa da juji ko kwanon tuwo, ɗan itace lafiyayye da ke rataye a reshe shi yake nema. Ya ɗan ɗara ƙudan gida girma, fukafukansa garai-garai, da ratsin rawaya a kafaɗu da baƙin zane a bayan ciki. Macen tana da tsinke a ƙarshen jikinta, da shi take huda fatar mangwaro ko gwaiba ta zuba ƙwai a ƙarƙashi. Abin da mai lambu zai gani daga waje ɗigo ne ƙanƙani, wani lokaci da ɗan ƙaro ya tsattsafo ta wurin. Bayan kwana ɗaya ko biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, fararen tsutsotsi su duƙufa cin naman, wurin ya yi laushi ya ruɓe, mangwaron ya faɗo tun bai gama nuna ba. Tsutsar da ta ƙoshi takan fito ta lanƙwashe jikinta ta yi tsalle, ta shige cikin ƙasa, ta yi kamar kwana goma a cikin wani ɗan kwanso, sannan ta fito da fukafukai. Idan yanayi ya yi masa daɗi, cikin mako uku zuwa huɗu ƙwai ya zama ƙuda mai zuba nasa ƙwan, kuma mace guda tana iya zuba sama da dubu kafin ta mutu. Masana suna kiransa Bactrocera dorsalis.

Baƙo ne a wannan nahiya. Asalinsa ƙasashen Asiya, kuma a shekarar 2003 aka fara kama shi a Afirka, a gaɓar tekun Kenya. Shekara na zagayowa aka gan shi a Sudan da Benin da Senegal, bai daɗe ba ya shigo Najeriya da Nijar, a 2010 kuma ya kai iyakar Afirka ta Kudu. Da farko an ɗauka wani sabon jinsi ne, har aka raɗa masa suna na daban a 2005, sai bayan kusan shekara goma bincike ya tabbatar da cewa shi ne dai tsohon ƙudan nan da ya daɗe yana addabar manoman Asiya. Wannan gudu nasa ya sa masana suka koma ga kwamfuta suna tambayar ina zai iya zama, ina kuma ba zai iya ba, suka zana taswirori. Maganar da nake son mu yi a yau ita ce, waɗannan taswirori suna da amfani ƙwarai, amma duk wanda ya dube su sama-sama ya ce ƙasar Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin Jigawa ta bushe da yawa don haka ta tsira, ya karanta su a baibai. Abin da taswirar ta auna ruwan sama ne, mu kuwa a wannan yanki da hannunmu muke ƙara wa ƙasa ruwa, kuma a nan ne ƙudan yake samun masauki.

Bari mu fara da yadda ake zana irin wannan taswira, don kada a ɗauka duba ne. Mai haƙar rijiya da ya daɗe a sana'ar yakan dubi irin ciyawa da itatuwan da ke wuri ya ce akwai ruwa kusa, saboda ya sha ganin irinsu a inda ya taɓa samun ruwa. Aikin kwamfutar bai wuce haka ba, sai dai ita tana duban duniya gaba ɗaya a lokaci guda. Ana tattara duk wuraren da aka taɓa kama ƙudan a tarko, a sa wa kowanne ɗigo a taswira. Sai a kawo bayanan yanayi na kowane wuri: yawan ruwan sama a shekara, tsawon rani, zafin watan da ya fi zafi, sanyin watan da ya fi sanyi. Kwamfuta ta gano irin yanayin da wuraren nan masu ɗigo suka yi tarayya a kai, sannan ta bi sauran duniya tana shafa launi mai kauri a inda yanayin ya yi kama da nasu, launi mai haske a inda kamar ba ta da ƙarfi, ta bar fari a inda babu kama. MaxEnt yana daga cikin sanannun manhajojin da ke wannan aiki. Akwai wata hanyar kuma, wadda manhajar CLIMEX ke bi, ita daga jikin ƙwaron take farawa: zafi nawa yake jurewa, sanyi nawa ke tsayar da girmansa, bushewar ƙasa ta wane irin hali ke kashe shi, sannan ta lissafa mako-mako ko zai kai ƙarshen shekara a wuri kaza.

A 2010 Marc De Meyer, masanin ƙwari na gidan tarihin Afirka da ke Tervuren a ƙasar Beljiyam, tare da abokan aikinsa suka buga taswirar wannan ƙuda ta hanyoyin lissafi biyu. Duka biyun sun nuna cewa ainihin mazauninsa ƙasashe ne masu yawan ruwa da laima, irin kurmin kudancin Najeriya da Kongo. A kan wurare masu dogon rani irin namu ne suka rabu: hanya ɗaya ta fitar da mafi yawansu daga lissafi, ɗayar ta ce sun dace da shi amma ba gaba ɗaya ba. Wato dai ƙasa irin ta kudancin Jigawa ta faɗo a gefe, inda malaman lissafin ma ba su daidaita ba. Shekara shida bayan haka, a 2016, wata masaniya daga Afirka ta Kudu mai suna Marelize de Villiers da tawagarta suka sake aikin da CLIMEX. Sun ƙara abu biyu da na baya ba su sa ba. Na farko, sun kafa tarkuna a ƙasashen Afirka suna ƙirga ƙudan wata-wata don su ga lokacin da yake yawa da lokacin da yake ja baya. Na biyu, sun tambayi kwamfutar yadda taswira za ta kasance idan manomi yana ban ruwa da rani. Amsar da suka samu ita ce, muddin akwai ban ruwa, mafi yawan nahiyar Afirka ta dace da zaman wannan ƙuda. Da aka ƙara sharaɗin ban ruwa, sai ga wuraren da a da suke fari fat sun ɗauki launi.

Wannan sharaɗin kuwa shi ne rayuwar yankin da muke magana a kai. Bayanan yanayin da ake ɗora irin waɗannan taswirori a kai a yanke suke gida-gida, wani gidan kilomita ɗaya, wani kuma ya kusa kilomita 20 kowace kusurwa, kuma duk abin da ya faɗa cikin gida ɗaya lamba guda ake ba shi. A ƙasar Gwaram, gida ɗaya irin wannan zai haɗa dutse da tudu mai jigawa da kuma bakin kogin Bunga, wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos ya ratsa ta nan kafin ya zama kogin Jama'are. A ɓangaren Birnin Kudu zai haɗa duwatsun nan masu tsohon zane da fadamun kogin Iggi. A lissafin kwamfuta duk yanayinsu ɗaya ne, alhali yaron da ya taɓa kiwo a watan Afrilu ya san ba haka ba ne. A kan tudu ƙasa na ƙona tafin ƙafa, amma ka gangara lambu ka shiga ƙarƙashin tsohuwar bishiyar mangwaro, inda ganye ya rufe ƙasa kuma ruwa ya ratsa jiya da yamma, ka tura yatsa cikin ƙasar za ka ji sanyi da danshi. Tsutsar da ta faɗo daga mangwaro a wannan ƙasar take kwanciya, ba a kan tudu ba, kuma ma'aunin zafin da aka kafa a fili a tashar duba yanayi bai san da ita ba. Faɗin wurin da ƙuda ke bukata don ya tsallake rani bai fi inuwar bishiya ba, taswira kuwa ba ta ganin abin da ya kai wannan ƙanƙanta.

Kuma irin wannan inuwa mai danshi ƙaruwa take yi. Tun farkon shekarun 1990 da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa a arewacin Najeriya, noman rani ya tashi daga aikin mai jigo da guga ya koma sana'ar jama'a. Da aka cire tallafin man fetur a 2023 wasu sun ja baya, wasu kuma suka koma famfo mai aiki da hasken rana, wanda idan an saye shi an huta da lissafin lita, ruwa na zuba tun hantsi har la'asar. Kudancin Jigawa dama shi ne ɓangaren jihar da ya fi samun ruwan sama, shi ya sa mai son kafa lambun itatuwa nan ya fi dubawa. Duk wannan alheri ne, babu mai hankalin da zai ce a daina. Sai dai mu lura da abin da lambu na zamani ke jerawa: mangwaro daga bazara zuwa farkon damina, gwaiba ta karɓa, lemo da sanyi, gwanda kusan ko da yaushe, ga yazawa, ga ayaba a inda ruwa ya wadata. Kowanne daga cikinsu wannan ƙuda yana zuba ƙwai a ciki. A da, idan mangwaro ya ƙare ƙudan kan shiga watanni na yunwa da ƙishi, yawancinsa ya mutu. Lambun da ke da ɗan itace nunanne a kowane wata kuma ƙasarsa ba ta bushewa ya ɗauke masa wannan wahalar.

Akwai wasu giɓi biyu a taswirar da ya kamata mai sauraro ya sani. Yawancin bayanan yanayin da aka yi amfani da su matsakaicin shekaru ne da suka ƙare a 1990 ko 2000, kuma a cikinsu akwai farin 1973 da na 1984, shekarun da dattawanmu ba su manta ba. Damina ta fi albarka a yankin Sahel tun daga wancan lokaci, har Jigawa ta koma fama da ambaliya irin ta 2022. Ke nan ƙasar da kwamfuta ta auna ta fi wadda muke nomawa yau bushewa. Giɓi na biyu ya fi wannan muhimmanci. Ɗigon da ake koya wa kwamfuta da su sun fito ne daga inda aka kafa tarko, tarko kuma ya fi yawa kusa da cibiyoyin bincike irin na Nairobi da Kwatano da Ibadan, da kuma lambunan masu fitar da mangwaro zuwa Turai. Wurin da ba a kafa tarko ba ba shi da ɗigo, kuma kwamfuta ba ta iya bambance wurin da aka nema aka rasa da wurin da ba a taɓa nema ba. Rashin ɗigo a kan garuruwanmu irin Kila ko Basirka ko Sundumina ba shaida ba ce cewa babu ƙuda a can.

Sannan taswira tana faɗar inda ƙuda zai iya zama ne kawai, ba ta faɗar yadda zai iso. Da fukafukansa yana iya cin kilomita da dama, amma ba da fukafukai ya tsallaka daga Kenya zuwa Senegal cikin shekara guda ba. A cikin kwando da bayan mota ya yi tafiyar. Mangwaron Binuwai da na kudu suna nuna kafin namu, su cika kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, daga nan su bazu zuwa kasuwannin ƙauye. Birnin Kudu na kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi gabas, kasuwar Sara kuma na tara fatake daga Bauchi da Kano da sauran wurare. Da yamma idan kasuwa ta watse, mai sayarwa ya tsince ruɓaɓɓu ya zubar a bayan rumfa ko bakin kwalbati, ya tafi gida. Ko da a ce zafin bazara ya kashe duk ƙudan da ke yankin, wannan tulin ya isa ya dawo da shi daidai lokacin da namu mangwaron ya fara nuna.

Na san abin da wani dattijo mai lambu zai ce: tsutsa a mangwaro ba sabon abu ba ne, tun muna yara muke yanke gefen da ya ruɓe mu sha sauran. Gaskiya ne, kuma yana da hujja. Afirka tana da nata ƙudajen 'ya'yan itace tun fil azal. Wanda ya fi damun mangwaro a cikinsu shi ne Ceratitis cosyra, ɗan ƙarami mai zanen fukafuki, wanda ke rayuwa a danya da gwandar daji kafin ma a kawo mangwaro wannan ƙasa. Shi ya saba da rani, da shi aka saba. Abin da ya sauya shi ne yawan ɓarna da lokacinta. A Kenya bincike ya nuna cewa cikin 'yan shekaru baƙon ya ture ɗan gida daga mangwaro ya zama shi ne mai rinjaye. A yankin Borgu na arewacin Benin, inda Jean-François Vayssières da abokan aikinsa na cibiyar IITA suka bi lambuna shekara da shekaru, sun ga ɗan gida ne ke riƙe da farkon kakar mangwaro lokacin da ake rani, da ruwa ya sauka sai baƙon ya yi tashin gwauron zabi. Asara takan tashi daga ƙasa da kashi 20 cikin 100 a farkon Afrilu zuwa rabi ko fiye da haka a watan Yuni. Borgu ta fi mu ruwa, don haka ba za mu ɗauki lambarsu mu manna wa Gwaram ba, amma yadda abin ke tafiya darasi ne: mangwaron da ya nuna da wuri yakan sha, wanda ya kai ruwan farko shi ke shiga hannu.

Wani kuma zai ce ai zafin ƙasarmu kaɗai ya isa magani. Wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma ita ce sa'ar da muke da ita a kan mutanen kurmi. A gwajin da aka yi a cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi, wanda aka buga a 2008, an ga ƙudan ya fi bunƙasa tsakanin ma'auni 25 da 30, kuma da aka ajiye shi a ma'auni 35 ba sauka, babu wanda ya fito daga kwanso. Mu kuwa a Afrilu da Mayu ma'auni kan haura 40 da rana. Sai dai gwajin zafi ne na dare da rana ba hutu, a cikin akwati, inda ƙwaro ba shi da wurin gudu. A lambu dare yana sanyaya, ƙasa mai danshi ba ta ɗaukar zafin iska, babban ƙuda kuma yakan laɓe a ƙarƙashin ganye har rana ta yi sanyi. Zafi yana rage shi ƙwarai, amma ba ya share shi, kuma ƙwaron da mace ɗaya ke zuba ƙwai dubu ba ya bukatar tsira da yawa kafin ya cika lambu idan hadari ya fara haɗuwa. Abin da ya kamata mu ɗauka daga wannan hujja shi ne cewa rani ne lokacin da ƙudan ya fi rauni kuma ya fi taruwa a wurare kaɗan da aka sani, watau bakin kogi da lambunan ban ruwa, don haka a nan ne yaƙi da shi ya fi araha.

To idan taswira tana da waɗannan giɓi duka, me ya sa ba za a ajiye ta gefe ba? Wasu har cewa za su yi lissafi ne na Turawa da ba su taɓa taka fadamarmu ba. Ban yarda da wannan ba. Taswirar 2010 ta faɗi gaskiya a babban abu, cewa laima ce ke tafiyar da wannan ƙuda, kuma ƙirgar da aka yi a lambunan Benin da Tanzaniya ta gaskata ta. Ta 2016 ta sa gaɓar Bahar Rum cikin wuraren da ke cikin haɗari, a 2018 kuwa aka kama ƙudan a kudancin Italiya. Abin da ya gyara taswirar farko ma ba watsi da lissafi ba ne, ƙarin ƙirga ce daga lambuna. Hukumar da ba ta da kuɗin kafa tarko a kowace gona tana bukatar abin da zai nuna mata inda za ta fara, kuma idan aka ɗora taswirar yanayi a kan taswirar fadamu da wuraren ban ruwa da hanyoyin mota, za a ga wuraren da kansu. Laifin da taswira ke da shi a wajenmu shi ne ba ta da ɗigon da suka isa daga ƙasarmu, kuma wannan ba mutumin Beljiyam ne zai zo ya cike mana shi ba.

Akwai kuma masu cewa duk wannan damuwar masu fitar da kaya waje ce. Lallai su suka fi jin zafin abin: Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga mangwaron Indiya a 2014 saboda ƙudajen 'ya'yan itace da wasu ƙwari, Kenya kuma ta dakatar da kai nata mangwaron Turai da kanta daga 2014 har zuwa 2021 don ta gyara lambunanta. Mai bishiya goma a garinmu irin Fagam ba ya tunanin Turai. Amma yana tunanin ɗan kasuwan da ke zuwa ya sayi bishiya tun 'ya'yan suna ɗanye. Idan wannan ɗan kasuwa ya kai kwando Kano aka buɗe aka tarar da sulusi ya ruɓe a hanya, baɗi ba zai ba da farashin bana ba, kuma ba mai lambu ɗaya zai karya wa farashi ba, garin gaba ɗaya zai sa wa suna. Asarar irin wannan ba ta shiga littafin kowace ma'aikata, shi ya sa ake ganin kamar babu ita.

Abin yi kuwa ba ya bukatar jirgin sama. Akwai wani sinadari mai ƙamshi da ake kira metil yujinol wanda namijin wannan ƙuda ba ya iya wucewa, ɗan gida kuwa bai damu da shi ba, don haka duk abin da tarkon ya tara kusan baƙon ne zalla. Gorar roba ce ake huda wa ƙofofi a gefe, a rataya auduga da aka jiƙa da sinadarin da ɗan maganin ƙwari a ciki, a ɗaure ta a reshe cikin inuwa daidai tsayin mutum. Kowane mako a juye a ƙirga a rubuta. Idan aka sa irin wannan a wasu zaɓaɓɓun lambuna a bakin Bunga da Iggi, wasu a kan tudu, wasu a bayan kasuwa, aka yi shekara biyu ana rubutawa ba fashi, za a san abin da babu kwamfutar da za ta faɗa daga nesa: shin ƙudan yana kwana da mu duk shekara ne ko mota ke dawo da shi, a wane mako yake tashi, kuma wace fadama ce matattararsa. Amsar wannan tambaya ita za ta nuna ko a lambu za a sa ƙarfi ko a kasuwa. Masu aikin suna nan kusa: malaman gona na hukumar JARDA, ɗaliban aikin gona na Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke neman abin da za su yi bincike a kai, da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda a jihar Kano. Abin da ke da wuya a irin wannan aiki shi ne ɗorewa, domin ƙirgar wata uku da aka yi aka bari ba ta da amfani ga kowa.

Wanda ya ce a bar duk wannan a yi feshi kawai, sai ya tuna cewa tsutsar tana cikin naman ɗan itace, kwanson yana cikin ƙasa, maganin da aka watsa a kan ganye ba ya kai wa ga ko ɗaya. Zai kashe ƙudan zuma da ƙwarin da ke cin ƙudan, ya bar guba a kan abin da yara za su tsinka su sha ba wanki, bayan kwana biyu kuma sababbin ƙudaje su shigo daga lambun maƙwabci. Abin da ya yi aiki a wasu ƙasashe shi ne ɗan abinci mai guba da ake ɗigawa a wani ɓangare na bishiya don ya jawo mata, da tarkunan maza masu yawa a faɗin yanki, da kuma tsafta, wadda ita ce mafi arha kuma mafi wahalar samu. Duk mangwaron da ya faɗo a tsince shi kafin tsutsa ta fita, a ba dabbobi nan take, ko a ɗaure shi tam a baƙar leda a bar shi a rana kwana biyu zuwa uku, ko a binne a rami mai zurfin da ya haura rabin mita. Wanda aka jefa a ɗan rami aka yayyafa wa ƙasa, gado aka yi wa tsutsa.

Matsalar ita ce mutum ɗaya ba ya cin ribar tsaftarsa idan na kusa da shi bai yi ba, kuma bishiyoyin mangwaro da yawa a garuruwanmu na gado ne, magada sun watse, kowa na shan 'ya'yan babu mai share ƙarƙashi. Saboda haka maganar ta dagaci ce da mai unguwa da sarkin noma da sarkin kasuwa, su tsayar da ranar tsinta a kowane mako daga fara nunar mangwaro har ƙarewarsa, a kuma haƙa rami a bayan kasuwa don ruɓaɓɓun kaya. Masu shirin kafa sabon lambu a fadama su ma akwai shawarar da ya kamata su yanke tun kafin su sayi dashe. Manyan irin mangwaron aure masu nuna a makare, irin Kent da Keitt, sun fi kuɗi saboda suna fitowa bayan kasuwa ta yi ƙaranci, amma su ne ke rataye a bishiya lokacin da ruwan Yuni da Yuli ya sauka. Wanda zai dasa su ya sa kuɗin tarko da na masu tsinta cikin lissafin jarinsa tun ranar farko, wanda kuma ba zai iya ba gara ya tsaya ga iri mai nuna da wuri, ya sauke kayansa kafin hadarin farko.